DAUSAYIN TARBIYYA: 'Ya'yanmu Da 'Ya'yan Wasu A Aji Guda

  Ga shi an koma makaranta, Allah Ya rufa wa iyaye asiri, don na san tsakanin kuɗin makaranta da littattafai da ɗinkin yunifom, wannan wata aljihun kowa ya ji a jikinsa.

Tunda yara sun koma aji, akwai wata tambaya da nake so mu ƙara a kan waɗanda muka saba yi musu. Idan yaro ya dawo gida mukan tambaye shi nawa ya ci a gwaji, ko ya cinye abincinsa, ko an dake shi. Amma da wuya ki ji uwa ta tambayi ɗanta wa yake zama kusa da shi, da wa yake wasa in an fita tara, kuma wane yaro ne a ajinsu ba wanda yake kula shi. Alhali duk wadda ɗanta ke karatu a Kaduna ko Jos ko Abuja, ko Sabon Garin Kano da na Zariya, ta san cewa aji guda ya tara Bahaushe da Bafulatani da Bayarabe da Ibo da Banufe da Babarbare da ɗan Gbagyi, wani ma ko sunan ƙabilarsa ba ki taɓa ji ba. Waɗanda kuwa aiki ko karatu ya kai mazajensu Ingila ko Amurka ko Saudiyya, 'ya'yansu ne ma baren ajin, su ake kallo.

Idan aka ambaci wariyar launin fata, hankalinmu kan tafi Afirka ta Kudu ko Amurka, kuma gaskiya ne can ta yi ƙamari har ta shiga doka. Amma ita da ƙabilanci uwa ɗaya uba ɗaya suke, wato a yanke wa mutum hukunci saboda gidan da ya fito tun bai buɗe baki ba. To da yake Amurkawa sun sha baƙar wuya a kan wannan cuta, masanansu sun daɗe suna binciken abin da ke maganinta a cikin aji da abin da ba ya yi. Don haka bari mu fara leƙa can, sannan mu dawo gida.

A shekarar 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa raba makarantun gwamnati tsakanin farare da baƙaƙe ya saɓa wa tsarin mulki. Amma bayan shekara 6, a watan Nuwamba na 1960, da wata yarinya baƙar fata 'yar shekara 6 mai suna Ruby Bridges za ta shiga makarantar farare a birnin Niyu Oliyans, sai da jami'an tsaron gwamnatin tarayya suka raka ta, mutane sun yi dandazo a bakin ƙofa suna zaginta. Iyaye suka janye 'ya'yansu. Wata malama mai suna Barbara Henry ce ta karɓe ta, ta yi shekara guda tana koyar da ita ita kaɗai a aji. Ke uwa, ki auna 'yarki ce.

Doka ta buɗe ƙofar makaranta ke nan, amma abin da ke bayan ƙofar bai gyaru ba. Wannan ya fito fili a birnin Ostin na jihar Tekzas a shekarar 1971, lokacin da aka haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meksiko a aji ɗaya a karon farko. Ba a yi makonni ba faɗa ya kaure a makarantu. Sai aka nemi taimakon wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Tekzas, Farfesa Elliot Aronson. Shi da ɗalibansa ba su fara da wa'azi ba, zama suka yi a bayan aji suna kallon yadda darasi ke tafiya.

Abin da suka gani shi ne: malama ta yi tambaya, 'yan yara kaɗan su ɗaga hannu suna zumuɗi, sauran su sunkuyar da kai suna fatan kada a kira su. Wanda ya amsa daidai a yabe shi, wanda ya kasa a yi masa dariya. Yaran da suka fito daga unguwannin talakawa, waɗanda makarantunsu na da ba su da inganci, su ne kullum a ƙasa. Sai fararen suka ƙara tabbatar wa kansu cewa dama waɗancan daƙiƙai ne, su kuma waɗancan suka ƙara yarda cewa farare 'yan nuna isa ne. Kowa ya zo da zatonsa daga gida, aji ya buga masa tambari. Ashe tsarin darasin ne da kansa ke hura wutar, domin an mai da aji filin gasa, faɗuwar ɗan uwanka ita ce damarka.

'Yar uwa, shin wannan bai yi miki kama da azuzuwanmu ba? "Malam ni, malam ni!" Mu har mun ɗara su, domin akwai malaman da ke miƙa bulala ga yaron da ya amsa, a ce ya zane waɗanda suka kasa. Yanzu idan wanda ya yi zanen Bayarabe ne, waɗanda aka zane Hausawa, ko akasin haka, me kike jin an shuka a zukatansu?

Dabarar da Aronson ya fito da ita mai sauƙi ce. Ya kira ta da sunan wasan nan na yara da ake yanka hoto gunduwa-gunduwa a ce a haɗa shi. Aka raba 'yan aji 5 rukuni-rukuni, kowane rukuni yara 5 ko 6, an cakuɗa launi da ƙabila. Aka ɗauko darasi guda, misali tarihin rayuwar wani shahararren mai gidan jarida, Joseph Pulitzer, aka yanka shi kashi-kashi, kowane yaro aka ba shi kashi ɗaya tak. Da farko zai je ya zauna da yaran sauran rukunoni da suka riƙe kashi irin nasa, su nazarce shi tare har ya zauna musu. Sannan ya dawo ya koyar da 'yan rukuninsa. A ƙarshe kowa zai yi gwaji shi kaɗai a kan tarihin gaba ɗaya. Kin ga ke nan ba yadda za a yi yaro ya ci gwajin sai ya saurari kowane ɗaya daga abokan zamansa.

A cikin yaran akwai wani ɗan asalin Meksiko da Aronson ya sakaya sunansa ya kira shi Karlos. Turanci ba harshen gidansu ba ne, an sha yi masa dariya a kan yadda yake furta kalmomi, har ya koyi yin shiru. Malamarsa ma don tausayi ta daina kiransa, wanda hakan ya ƙara nuna wa yara cewa ba shi da abin faɗa. Da aka ba shi tsakiyar tarihin ya zo bayani, sai ya kama in'ina, 'yan rukuninsa suka fara yi masa ba'a kamar yadda suka saba. Babbar da ke kula da su ba ta yi musu faɗa ba. Tuna musu kawai ta yi cewa in sun ga dama su ci gaba da dariya, amma gwaji na nan tafe, kuma wannan kashin ba wanda ya san shi sai Karlos. Cikin 'yan kwanaki yaran suka gane ba'a ba za ta fishe su ba, suka koma yi masa tambayoyi a hankali don su zaƙulo abin da ke bakinsa. Da ya ga ana saurarensa sai harshensa ya saki, su kuma suka ga ashe yaron yana da kai. Bayan mako 8 aka auna, aka samu yaran waɗannan azuzuwa sun fi son junansu da son makaranta, fashi ya ragu, makin 'ya'yan marasa rinjaye ya ɗagu, na fararen kuma bai sauka ba. A 1982 wani saurayi ya rubuto wa Aronson wasiƙa yana cewa ya gane shi ne Karlos ɗin, kuma ya sami gurbin karatun shari'a a Jami'ar Harbad.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin nan, ba wanda ya tsaya ya yi wa yaran lacca a kan al'adun Meksiko. Buƙata ce ta sa suka saurare shi, saurare kuma ya haifi fahimta.

Dama tun 1954 wani masani, Gordon Allport, ya bayyana cewa cuɗanya tana rage ƙyama ne idan ɓangarorin suna kan matsayi ɗaya, suna da manufa guda, suna aiki tare ba gasa ba, kuma na gaba da su yana goyon bayan haɗuwar. A wannan shekarar kuma wani masani ɗan asalin Turkiyya, Muzafer Sherif, ya kai yara maza 22 'yan kimanin shekara 11 wani sansani a jihar Oklahoma. Dukkansu farare ne, addininsu ɗaya. Ya raba su gida biyu ya sa su gasa, kafin ka ce kwabo sun fara zagin juna, suna ƙona tutar juna, suna kai wa ɗakunan juna hari. Da aka so sasanta su sai aka haɗa su cin abinci wuri ɗaya, suka ɓige da jifan juna da abincin. Ba su shirya ba sai da ruwan sansanin ya yanke suka fita neman inda ya toshe tare, motar kawo abinci ta ƙi tashi suka kama igiya ɗaya suka ja ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda kuka ɗauki jinka tare da wuya ka ci gaba da ganinsa dodo.

A 2006 wasu masana biyu, Thomas Pettigrew da Linda Tropp, suka tattara bincike 515 da aka yi a ƙasashe 38, suka tabbatar cewa a mafi yawansu cuɗanya ta rage ƙyama. Bayan shekara 2 suka duba ta wace hanya take ragewa, suka sami hanya uku: ƙaruwar sani game da mutanen, raguwar ɗar-ɗar idan an haɗu da su, da iya sa kai a matsayinsu a ji abin da suke ji. A cikin ukun nan sani shi ne mafi rauni. Wannan ya kamata malamai su tsaya su yi tunani a kansa.

Na faɗi haka ne saboda ranar al'adu da makarantunmu, musamman masu zaman kansu, suka mayar ado. A aiko wa uwa takarda, ta tafi wurin tela, wannan a yi mata shigar Fulani da ƙwarya a ka, wancan jar hula irin ta Ibo, a yi rawa, a ɗanɗana amala da tuwon shinkafa, a ɗauki hotuna a watse. Ban ce a daina ba, yara suna jin daɗinta. Amma idan rana ɗaya ce a shekara, sauran kwanaki kuma kowa yana can ɓangarensa, to cin abincin yaran Sherif ne aka maimaita. Wani lokaci ma ɓarna take yi, domin in kullum Bafulatana mai tallan nono ce, Bahaushe mai tsire ko maigadi, to an ƙara kafa wa yara hoton da ake son gogewa.

Fahimtar al'ada da nake nufi ita ce yaro ya san dalilin abin da ya ga ɗan ajinsu yana yi. Ɗauki misalin kallon ido. Mu mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu cewa in babba yana yi maka faɗa ka sunkuyar da kai, tsare shi da ido fitsara ce. A Ingila da Amurka kuwa malama tana son yaro ya dube ta, kawar da ido a wurinta alamar ƙarya ce ko raini. Yaro yana iyakar ladabin da uwarsa ta koya masa, ana rubuta shi cikin marasa kunya. Haka yarinyar da ta taso da kunyar Fulani, ta ƙi cin abinci a gaban mutane, sai a ce girman kai gare ta. Haka wanda a gidansu ana magana da ƙarfi, sai a ce masifaffe ne. Jumla ɗaya daga bakin malamar da ta san dalili ta isa ta kashe wannan zato kafin ya yi jijiya.

Ko sunaye kawai sun isa darasi. Yaranmu suna dariya in sun ji Babatunde ko Yetunde. A gaya musu ma'anarsu ita ce uba ya dawo, uwa ta dawo, suna ne da Yarbawa ke sa wa jaririn da ya zo bayan rasuwar kaka. Sannan a tambaye su, su waye a ajin nan ake kira Abba ko Ummi ko Baffa saboda sun ci sunan kakanninsu? Za ki ga hannaye sun tashi. Ngozi a harshen Ibo albarka ce, Chinedu kuma Allah ke jagora. Da zarar yaro ya ji haka, sunan ya tashi daga abin dariya ya koma sunan da wata uwa ta zauna ta zaɓa wa ɗanta.

Sai kuma kalmomin da muka gada muke furtawa ba tare da mun auna su ba. Inyamuri asalinta daga maganar Ibo ce ta roƙon ruwan sha, muka mai da ita sunan al'umma guda, kuma da yawansu ba sa son ta. Idan yaro bai iya magana ba mu ce yana gwaranci, ɗan Gbagyi yana zaune yana ji an mai da harshen iyayensa ma'aunin rashin iya magana. Wadda take ganin wannan ba komai ba ne ta tambayi 'yan uwanmu da ke Legas da Fatakwal yadda kalmar aboki, mai daɗi a bakinmu, ta koma gori a bakin wasu, ko ta tambayi waɗanda suka zauna Saudiyya nauyin kalmar Takari. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin mamaki, tarihinmu da kansa ya ishe mu hujja. Wadda ta san cikin birnin Kano ta san Ayagi da Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa da Dandalin Turawa. Yarbawa ne da Nufawa da Barebari da mutanen Agadas da Larabawan Afirka ta Arewa suka zo fatauci da neman ilimi suka zauna, jikokinsu yau Kanawa ne ba mai ja da su. Da malamin tarihi zai sa kowane yaro ya je ya tambayi kakarsa daga ina asalinsu yake, da an ji abubuwa.

Hukumomin Nijeriya ma sun san amfanin cuɗanya. Tun 1966 aka fara kafa kwalejojin gwamnatin tarayya, bayan yaƙin basasa gwamnatin Janar Gowon ta yawaita su, ta kuma ƙirƙiro aikin yi wa ƙasa hidima a 1973. Amma 'ya'yan mutum nawa ke samun shiga waɗannan kwalejoji? A Kaduna kuwa, tun bayan rikicin shekarar 2000 mutane suka rabu, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista a kudu, makarantun unguwa suka bi sahu.

A Kadunan ne wasu masu bincike mata biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, suka yi wani gwaji da aka wallafa a 2018. Samari sama da 800, Musulmi da Kirista, suka shiga binciken. Wasu aka koya musu kwamfuta na mako 16 a azuzuwan da aka cakuɗa, wasu a azuzuwan 'yan addini ɗaya zalla, wasu kuma ba a koya musu ba. Da aka gama aka tambayi ra'ayinsu game da ɗaya ɓangaren, sai aka ga bai canja ba. Amma da aka ba su kuɗi a wani wasa aka ce su raba da wanda ba su sani ba, 'yan ajin da aka cakuɗa sun fi yin adalci ga wanda ba nasu ba. Sannan ga inda gizo ke saƙa: 'yan ajin da ba a cakuɗa ba, nuna bambancinsu ƙaruwa ya yi. Wato zama da naka zalla ba ya barin ka yadda kake, ƙara karkatar da kai yake yi. Na kuma ɗauki darasi na biyu a ciki, cewa mako 16 ba ya wanke abin da aka yi shekara 20 ana zubawa a kunne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan sakamako ya shafe mu malaman Islamiyya kai tsaye, tunda ɗalibanmu addininsu ɗaya. Sai dai addini ɗaya ba ƙabila ɗaya ba ce. A ajin Islamiyya akwai Bayarabiya da Banufiya da 'yar Igbira, akwai 'ya'yan waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Barno, akwai 'ya'yan waɗanda suka musulunta. Kuma wurin da aka fi yi musu dariya shi ne wurin karatu, in harshe ya ƙi fitar da wani harafi. Nakan tuna wa ɗalibaina cewa Bahaushe ma yana da nasa. Me ya sa muke cewa alwala da farilla da larura da alƙali? Duk harafin "dad" ne na Larabci ya gagari kakanninmu suka mai da shi "lam". Balaraben da ya ji mu zai iya yin irin dariyar da muke yi wa Bayarabe. Aya ta 13 a Suratul Hujurati da muke sa yara su haddace tana bayanin cewa hikimar rarrabuwarmu dangi-dangi da ƙabila-ƙabila ita ce sanin juna, to ai sanin juna aiki ne, ba hadda ba.

Dabarar Aronson tana shiga darasin Sira kamar don shi aka yi ta. Ɗauki Hijira: makircin Ƙuraishawa kashi ɗaya, kwana uku a kogon Sauru kashi ɗaya, hidimar Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar (RA) kashi ɗaya, labarin Suraƙa kashi ɗaya, isa Ƙuba da Madina kashi ɗaya. Yara 5, kowa da nasa. Ba zan ɓoye miki wahalarta ba. Aji mai yara 70 ko 80, ga lokaci ƙanƙane tsakanin La'asar da Magariba, ga hayaniya. Sannan idan aka tsallake matakin nan na farko, aka tura yarinya mai rauni ta koyar da abin da ba ta iya ba, to an ƙara tona mata asiri ne, 'yan rukuninta su ce ita ta ja musu faɗuwa. Dole malama ta tabbata kowace ta riƙe kashinta kafin ta koma. Kuma malama ce za ta raba rukunin, don in an bar wa yara zaɓi kowa nasa zai nema.

Wata za ta ce ai mu muna da wasan taubasai, tsokana a jininmu take. Haka ne, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe. Al'ada ce mai daraja, har hukumar UNESCO ta sa irinta ta Jamhuriyar Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma wasan yana da ƙa'ida: kowa ya san da shi, kowa yana da damar ramawa, kuma ƙarƙashinsa akwai amana, taubashinka ba ya ganin ka cikin wahala ya wuce. Yara 40 su taru a kan yarinya ɗaya da ba ta da bakin ramawa, wannan ba taubasantaka ba ce.

Yanzu sai mu zo kanmu, iyaye mata, domin yaro ba ya zuwa aji da zuciya fayau. Washegarin kashe Martin Luther King a watan Afrilu na 1968, wata malamar aji 3 a wani ƙaramin gari na jihar Ayowa, Jane Elliott, ta raba ɗalibanta, waɗanda duk farare ne, bisa launin ƙwayar idonsu. Ta ce musu masu launi kaza sun fi hankali da tsabta, ta ba su fifiko a wurin wasa da zama. Kafin a tashi, yaran da suka wayi gari abokai sun koma masu taƙama da masu sunkuyar da kai, masu ƙoƙari a cikin waɗanda aka ƙasƙanta suka fara kuskure a abin da suka iya. Da ta juya lamarin, abin ya juya. A wani fim da aka ɗauka na ajinta a 1970, wani yaro ya naushi ɗan uwansa don kawai ya kira shi da launin idonsa. Ba na goyon bayan wata malama ta kwaikwayi wannan, masana da yawa sun soke shi saboda yana ƙuntata wa yara. Amma ki duba: maganar babba guda, ta yini ɗaya. Ina ga wadda yaro ke ji a tsakar gida tun yana goye?

"Kada ki ci abincin gidansu, ƙazamai ne." "Kin san halinsu da son kuɗi." "Wance ta haihu, yarinya fara tas, Allah Ya taimake ta ba ta ɗauko uban ba." "Baƙa ce amma kyakkyawa." Wannan "amma" ɗin, 'yarki baƙa tana ji. Tun a shekarun 1940 wasu masana miji da mata baƙaƙen Amurka, Kenneth da Mamie Clark, suka ajiye wa yara baƙaƙe 'yan shekara 3 zuwa 7 'yartsana fara da baƙa, mafi yawansu suka zaɓi farar suka ce ita ce mai kyau. Ki leƙa kasuwa ki ga launin 'yartsanar da muke sayo wa 'ya'yanmu, sannan ki leƙa kan madubinmu ki ga mayukan da ke kai.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Zarri (RA) ya taɓa yi wa wani mutum gori da mahaifiyarsa, wadda ba Balarabiya ba ce, sai Manzon Allah (SAW) ya nuna masa cewa har yanzu akwai sauran halin jahiliyya a tare da shi. Sahabi ne babba, amma ba a ƙyale shi ba, kuma shi ma bai tsaya a nadamar baki ba, daga baya an gan shi a Rabaza sanye da tufafi iri ɗaya da na yaron gidansa.

Idan an kira taron iyaye da malamai a wannan zango, ki je da kanki, kada ki bar wa maigida. Bayan maganar kuɗi, ki tambayi malamar ajin yadda take zaunar da yara, ita ke tsarawa ko su ke zaɓa, kuma ko tana ba su aikin da sai sun haɗu za su iya gamawa. Ki tambaye ta abin da take yi in an yi wa yaro dariya a kan harshensa ko launinsa. A gida kuma, in ɗanki ya ambaci yaron nan da ba a kula shi, ki tambayi sunansa na gaskiya, ba laƙabin da 'yan aji suka sa masa ba, ki sa ya tambayo miki ma'anarsa. In Sallah ta zo a ƙara kwano ɗaya a kai gidansu, ɗanki ne zai ɗauka.